WACE CE WANNAN A BANGON FAIFAI?

Yau ba zancen girki na zo mana da shi ba, ba kuma na kishiya ba, duk da dai kishi ne ya buɗe mini ƙofar abin da zan ba ku labari. Tarihin wani kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda na tsinta a ƙarƙashin gadon aurena.

A shekarar 1994 aka kai ni Samaru ta Zariya daga Kano, ina 'yar shekara 19. Duk wadda aka taɓa kaiwa garin da ba ta da kowa ta san yadda wunin amarya yake. Malam ya fita tun bakwai da rabi, in yi shara, in yi wanke-wanke, in ɗora sanwa, sannan in zauna ina ƙirga kwanukan jerena. Littattafan da na zo da su na karance su sau bibbiyu, kaset ɗina na Indiya da na Barmani Choge kuwa har rediyo ta fara taune su. Rannan ina shara sai tsintsiya ta ci karo da wani kwali mai nauyi can ƙuryar gado. Na jawo shi da ƙyar na buɗe, sai ga fayafayan garmaho baƙaƙe masu faɗin faifan rufe ƙwarya, sun fi hamsin, kowanne cikin bangonsa. Ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya sai na yi arba da fuskar wata mace baƙa kyakkyawa ta cika bango guda, ta ƙura mini ido. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Da Malam ya dawo ban ko bari ya gama cin abinci ba na ajiye masa faifan a gaba, na ce, "Malam, wace ce wannan da ka ɓoye a ƙarƙashin gado?" Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Ya ce, "Haba amarya, wannan ai matar mutane ce, a Amurka take, ba ta ma san da ni a duniya ba." Na ce matar wa? Ya ce, "Matar mai busa ƙahon da ke ciki, Miles Davis. Bari ki ji." Ya kakkaɓe ƙurar garmahonsa ya ɗora allura. Na kasa kunne ina jiran mawaƙi ya fara, shiru babu mawaƙi, sai busa da kiɗa kowa ya kama gabansa, kamar makaɗa na gwada kaya kafin a fara biki. Na ce, "Ina waƙar?" Ya ce ai ita ce wannan. Na ce to lallai wannan kiɗan mahaukata ne, na kwashe kwanukana na fita.

Zaman kaɗaici ne ya mayar da ni. Bayan 'yan kwanaki na ce ya koya mini ɗora allurar, ya zaɓo mini wani faifai na mutumin nan dai, mai suna Kind of Blue, na shekarar 1959, ya ce da shi ake fara wa baƙo. Sai ya gaya mini abu guda wanda da shi kunnena ya buɗe. Ya ce a jaz, wato sunan kiɗan ke nan, ana fara kawo uwar waƙar ne a taƙaice, kowa ya ji ta, sannan makaɗan su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi nasa a kanta, nan take, ba rubutacce ba, a ƙarshe a dawo kan uwar waƙar a rufe. Na ce ashe abin da zabiya take yi ne a gidan biki, amshi na nan yadda yake, ita kuwa tana saƙa magana gwargwadon wanda ya shigo fili. Ya ce yauwa, bambancin kawai su da ƙaho suke maganar. Shi faifan ma a zama biyu aka ɗauke shi, a watan Maris da Afrilu na shekarar, kuma Miles bai ba makaɗansa cikakken rubutu ba, 'yan alamu kawai ya miƙa musu da suka zo. Tun daga nan, in an kawo wuta, sai in ɗora gefe ɗaya in zuba shinkafa. Gefen faifai kusan minti ashirin ne zuwa ashirin da biyar, kafin ya ƙare ruwa ya tsotse.

Wannan tsawon ma yana da tarihinsa. Tsofaffin fayafayai masu juyi 78 a minti ɗaya, abin da gefe ke ɗauka bai wuce minti uku da 'yan kai ba, dole makaɗi ya gutsure zancensa. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33, makaɗa suka sami filin miƙe ƙafa. Shi ya sa irin wannan kiɗa ba a cin sa tsaye. Faifai guda zance guda ne, in kika tsinci tsakiya kika bar farko ba za ki gane inda aka dosa ba.

Amma ni abin da ya fi ja na shi ne bayan bangon. Akwai rubutu ƙanana-ƙanana, sunayen makaɗa da ranar da aka ɗauka, wani lokaci da ɗan tarihi. Na gama sakandare, Turancina ba yabo ba fallasa, sai in ɗauko ƙamus ɗin Malam in yi ta bi, abin da ya shige mini duhu in tambaye shi da dare. Kuma tambayar nan tawa ta ranar farko ba ta bar ni ba. Duk namijin da aka ambata sai in ce, to wace ce a bayansa? Abin mamaki, sau da yawa in na tona sai in tarar da ita.

A birnin New Orleans aka haifi jaz, can kudancin Amurka a bakin kogin Mississippi, garin da ya yi ƙaurin suna wajen cinikin bayi. Akwai wani fili a garin da ake kira Congo Square, inda ake barin bayi ranar Lahadi su taru su yi ciniki, su buga ganga su yi rawa irin ta gida Afirka. Bayan an hana bauta a 1865, 'ya'yansu da jikokinsu suka ɗauki ƙahonin badujala irin na soja, suka zuba musu muryar waƙoƙin coci da na aikin gona da na kukan zuci, kiɗan ya fito da sabuwar kama. Da aka tashi ɗaukar faifan jaz na farko a 1917 kuwa, wasu Turawa aka ɗauka, masu abin suna gefe suna kallo.

A garin aka haifi Louis Armstrong a 1901, cikin talauci na gaske. A 1922 ubangidansa King Oliver ya kira shi Chicago ya zama mai busa na biyu a ƙungiyarsa, wato ɗan amshi. A ƙungiyar akwai wata budurwa mai kaɗa fiyano, Lil Hardin, wadda ta taɓa karatu a jami'ar Fisk, ta iya karanta rubutun kiɗa a lokacin da da yawa daga mazan da ke zagaye da ita da ka suke yi. Da ta fara ganin Louis ba ta ga abin so ba, baƙauye ne da kaya sun yi masa kaɗan. Amma da ta saurari busarsa sai ta gane yaron nan ya fi ubangidansa, shi ne dai bai sani ba, ko kuma kunya da biyayya sun hana shi sani. Suka yi aure a 1924. Ita ta canja masa sutura, ita ta matsa masa lamba sai da ya bar inuwar Oliver ya tafi New York a shekarar. Da ta ga can ma ba a sa sunansa a gaba, ta dawo da shi Chicago a 1925 cikin ƙungiyar da ita ke jagoranta, ta sa aka rubuta a allon talla cewa duk duniya babu mai busa kamarsa, shi kansa sai da abin ya ba shi kunya. A ƙarshen wannan shekara aka fara ɗaukar fayafayan ƙungiyarsa ta Hot Five, waɗanda masana ke cewa su suka mayar da jaz kiɗan da mutum ɗaya zai fito fili ya yi magana da ƙahonsa. Wa ke kan fiyano? Lil. Wasu daga cikin waƙoƙin ma ita ta tsara su.

Auren bai ɗore ba, 'yar uwa, kin dai san hali. Da ɗaukaka ta zo sai ido ya buɗe, suka rabu a 1931, saki ya tabbata a 1938. Shi ya zagaya duniya, har ƙasarmu ya zo a 1960, shekarar 'yancin kai, akwai ma hotonsa a Kaduna tare da Sardauna Sir Ahmadu Bello. Ita kuwa ta ci gaba da kiɗanta a Chicago, a gidan da suka saya tare. Ya rasu a watan Yuli na 1971. A watan Agusta aka shirya taron tunawa da shi a Chicago, aka gayyace ta, tana cikin kaɗa fiyano a gaban jama'a ta yanke jiki ta faɗi, ba ta tashi ba. Ranar da Malam ya ba ni wannan labari miyata ta ƙone.

Irinta suna da yawa, sai dai in ambaci biyu in wuce. Mary Lou Williams, wadda ta rubuta wa manyan ƙungiyoyi irin ta Duke Ellington kiɗa, kuma a ɗakinta na unguwar Harlem samarin da suka sabunta jaz a shekarun 1940, irin su Thelonious Monk da Dizzy Gillespie, suke taruwa. Sai Melba Liston mai busa dogon ƙahon nan da ake zugewa, ita ta tsara wa Randy Weston faifansa Uhuru Afrika a 1960, na murnar 'yancin ƙasashen Afirka.

A kwalin akwai wasu fayafayan da ba su bukatar bayani, ana ɗorawa ƙafa ke fara motsi da kanta. Wannan shi ne fank, uban tafiyarsa James Brown, musamman daga 1965 zuwa 1967 da ya fitar da Cold Sweat. Sirrinsa shi ne, in kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk nauyin a kan ɗaya ake sauke shi, sannan kowane abin kiɗa, har ƙaho da jita, ya koma kamar ganga, kowa da ɗan guntun bugunsa da yake maimaitawa a gurbin da wani ya bari. Ni da na ji sai na tuna lugude a gidanmu, mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, in ɗaya ta yi gaggawa an ɓata. Nan ma akwai uwa a ciki. Larry Graham na ƙungiyar Sly and the Family Stone, wanda ya shahara da marin tsirkiyar babbar jita da babban yatsa, ya ce da mahaifiyarsa ya koyi haka. Tana kaɗa fiyano yana raka ta suna neman abinci, ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya don ya cike gurbin. Mai busa ƙahon ƙungiyar tasu ma mace ce, Cynthia Robinson.

To yanzu mu dawo kan kishiyar tawa ta bangon faifai. Sunanta Betty Mabry, faifan kuma Filles de Kilimanjaro, an ɗauke shi a 1968, shekarar da Miles ya aure ta, ya ba ta kusan shekara 20. A lokacin kasuwar jaz ta fara ja da baya, samari sun koma kiɗan jita mai lantarki da na su James Brown, shi kuwa Miles yana nan da kwat da laƙataye. Yarinyar nan ta san abin da matasa ke saurare, ita ma marubuciyar waƙa ce. Ita ta haɗa shi da Jimi Hendrix, ta cika masa gida da fayafayan Sly Stone, ta sauya masa kayan sawa kamar yadda Lil ta yi wa Louis. Shi da kansa ya amsa haka a littafin tarihin rayuwarsa na 1989. Abin da ya biyo baya shi ne In a Silent Way a 1969, da wani a 1970 wanda sunansa ba na bakin mutunci ba ne, ba zan rubuta shi a nan ba. Da waɗannan aka buɗe babin da suke kira fiyushan, ni kuwa dafa-duka nake ce masa, domin an zuba jaz da fank da kayan lantarki a tukunya ɗaya. Yaran da suka yi aiki da shi a fayafayan suka watsu kowa ya kafa nasa, aka sami Weather Report da Return to Forever da sauransu. Wanda na fi so a cikinsu shi ne Head Hunters na Herbie Hancock, 1973, wanda ya sayu fiye da miliyan ɗaya. In kin same shi ki saurari farkon waƙa ta biyu, wata busa ce kamar ta makiyaya, ashe kwalba ce Bill Summers yake hurawa, yana kwaikwayon busar mutanen dajin Afirka ta Tsakiya.

Auren Betty shekara ɗaya ya yi. Ta ce zafin zuciyarsa da saurin hannunsa ne suka kore ta. Kafin ita akwai Frances Taylor, ita ma fuskarta na kan bangon wasu fayafayansa, gwanar rawa ce da ke cikin wasan West Side Story a New York a 1957, ya sa ta bar aikin ta zauna masa, ya riƙa dukanta har ta gudu a 1965. Bai ma ɓoye ba, yana cikin littafin nasa. Da na ji wannan sai na tattara fayafayansa na mayar ƙasan kwali. Na ce, "Malam, yanzu mutumin da yake busa mai sanyi haka shi ne yake dukan matarsa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Shi ne." Na ɗauka zai kare shi, bai kare shi ba. Na yi watanni ban taɓa su ba, domin a lokacin akwai wata maƙwabciyarmu da muke jin kukanta ta katanga, in na ɗora sai in ji kamar da ni ake rufa wa mijinta asiri. Daga baya na koma saurare, ba zan yi miki ƙarya ba, amma har yau in ƙahon ya tashi da Frances nake jin sa. Ita Betty ta yi nata fayafayan na fank guda uku tsakanin 1973 da 1975, biyu ita ta shirya su da kanta, gidajen rediyo suka ƙi sa su don sun ce bakinta ba linzami, kuma gaskiya ba irin wanda za ki ɗora a gaban suruka ba ne. Ta janye daga idon duniya shekara da shekaru, ta rasu a 2022.

Kiɗan ya tsallako teku ya dawo gida, nan ma da hannun mace. Fela ya je Los Angeles a 1969 da kiɗansa na hailaif mai ɗanɗanon jaz, ya haɗu da Sandra Smith, wadda ta ba shi littafin Malcolm X da labarin gwagwarmayar baƙar fata, ya dawo Legas a 1970 da wani irin kiɗa da wani irin baki daban. A ƙarshen shekarar James Brown ya zo Najeriya, makaɗansa suka je suka ga Fela a wurin wasansa. Mu nan Arewa ma muna da namu rabon. Yusef Lateef, babban mai busa daga Detroit wanda ya musulunta tun yana matashi, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello a kan sarewar Fulani, har suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa shi da Ziky Kofoworola. Malam yana ɗalibi a shekarun nan, kuma jin cewa mutum ya baro Amurka ya zo koyon sarewar da yara ke bi da shanu, shi ya sa ya fara tara kwalin nan da kuɗin abincinsa.

Akwai faifai ɗaya da na daɗe ina tsallakewa, na Alice Coltrane, Journey in Satchidananda, na 1971. Na ɗora shi sau ɗaya ina amarya na ji kamar ana zuba ruwa ba a dainawa, na cire. Mijinta John Coltrane yana cikin masu busa a Kind of Blue, kuma a saman benen gidansu na Dix Hills ya keɓe kansa kwanaki a 1964 ya tsara A Love Supreme, faifan da ya yi don godiya ga Ubangiji, ita tana ƙasa da jego. A 1966 ta zama mai fiyanon ƙungiyarsa, masu sharhi suka yi ta gunaguni wai don matarsa ce, alhali tun tana yarinya take kiɗa a Detroit, har Faransa ta je ƙaro sani. Ya rasu a watan Yuli na 1967 yana da shekara 40, ciwon hanta, ya bar ta tana da 29 da 'ya'ya huɗu, ƙaraminsu na goye. Kafin ya rasu ya yi odar wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, tsayinsa ya kai mutum, ana ce masa haf, bai iso ba sai bayan an binne shi. Ta zauna ta koya. A ɗakin ɗaukar sauti da ke ƙasan gidan ta yi yawancin wannan faifai, yara na sama. Hanyar ibadar da ta bi daga baya ba tamu ba ce, ni dai abin da ya shafe ni shi ne macen da ke zaune da kayan da miji ya saya bai gani ba.

Malam ya rasu a 2018. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma ban kunna komai ba. Da aka zo rabon gado aka fito da kwalin tsakar gida, ƙaninsa ya leƙa ya ce tarkace ne, a ba 'yan gwangwan. Na ce a'a, a yi masa kuɗi a sa a cikin tumunina. Aka yi ta kallona, wata ma ta ce ko baƙin ciki ne ya taɓa ni. Garmahon ya daɗe da lalacewa, allurarsa ta karye tun yara na ƙanana, sai autata ta nemo mini faifan Alice a waya. Na bari sai da gida ya yi tsit bayan isha'i, na ɗauko bangon na riƙe a cinya, na kunna daga farko. Minti talatin da bakwai ne, ban tashi ba sai da ya ƙare.